Fis Ɗin da Ya Kwana a Aljihun Mannir

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran wuta a Funtuwa ya san Mannir Rewaya, wanda bai san shi ba kuwa ya ji ana zolayarsa. Rumfarsa na nan bayan tsohuwar masana'antar gurzar auduga, rumfar kwano mai ƙafa huɗu, da benci ɗaya da batura jere a gefe. Mutumin Matazu ne, ɗan manoma. Yana da shekara goma sha bakwai ya biyo motar wake zuwa kasuwar Funtuwa, ya ga wani dattijo ya taɓa waya biyu mota ta tashi, shi ke nan gona ta rasa shi. Yau shekara talatin da biyar ke nan yana kwance ƙarƙashin sitiyarin mutane.

To, Mannir matsoraci ne. Ba ɓata suna ba ne, shi ma da bakinsa yake faɗa. Babur ɗinsa bai taɓa wuce gudun mai keke ba. In zai shiga motar haya sai ya zagaya ya duba tayoyi huɗu, direba na zage-zage, shi ko a jikinsa. 'Yan tasha kan ce, "Mannir, wallahi kaza ta fi ka zuciya." Sai ya ce ya ji, ya yarda. Amma wannan tsoron ne ya yi masa suna. A duk shekarun nan ba a taɓa cewa ga motar da Mannir ya taɓa ta kama da wuta ba, kuma da wannan sunan yake ci da iyalinsa, da shi ya aurar da 'yarsa Najiba. Ba shi da gona, ba shi da shago, sunan ne kawai.

Ana cikin bazara, zafi ya kai intaha, sai ga Aƙilu, ɗan wani babban dillalin hatsi na garin. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma wasan mota ya shiga jininsa. Shi da abokansa na Kano da Kaduna sun samu wata ƙatuwar gona a Ƙarfi, wajen Malumfashi, tun da ba a yi shuka ba tukuna, suka sa aka baje ta, aka jera tsofaffin tayoyi aka fitar da hanyar tsere. Motarsa tsohuwar ƙirar Jamus ce, an kwashe kujeru an bar ɗaya, an walda ƙarafa a ciki kamar kejin kaji, an mayar da batir cikin but a bayan mota, kusa da tankin fetur. Ya sauke kwali a kan benci.

"Baba Mannir, kyamara uku ce, da wannan ɗan akwatin. Shi zai riƙa rubuta gudun da nake yi, da inda na taka birki, da zafin inji. In na gama sai in zauna in ga inda na yi kuskure. Asabar muke tsere."

Mannir ya juya akwatin a hannu, bai wuce sabulun wanki girma ba. Ya ce, "Alhaji Aƙilu, kuskuren ai shiga motar ne."

Aƙilu ya tuntsire da dariya. Ya ƙara da cewa yana so a ɗauko wutar kai tsaye daga batir, don ko an kashe mota kyamara ta ci gaba da ɗauka. Mannir bai so ba, amma ya karɓa.

Kwana biyu yana kai. Kyamara ɗaya a gilashin gaba tana kallon hanya, ɗaya a kan ƙarfe tana kallon direba, ɗaya a ƙasa tana kallon ƙafafunsa. Akwatin ya ɗaure shi a inda kujerar mai zaman banza take a da, ya ja masa wayoyi zuwa inji da birki. Sai babbar jar waya, wadda ta taso daga batir, ta bi ta gefen tankin fetur, ta hau jikin ƙarfen walda ta zo gaba. A gindin wannan waya, dab da batir, ake sa fis. Ɗan abu ne kamar ƙwayar gyaɗa, aikinsa ya ƙone shi kaɗai in waya ta haɗu da ƙarfe, wuta ta yanke kafin mota ta kama.

Wajen gwaji ranar Juma'a fis ɗin da ya zo a kwali ya ƙone. Mannir ya yi abin da kowane rewaya na ƙasar nan yake yi, wanda ya ce maka bai taɓa ba ƙarya yake: ya fere tsohuwar waya, ya murɗa zaren tagulla mai kauri, ya cusa a gurbin fis ɗin don ya ƙarasa gwaji. Na ɗan lokaci ne. Har ya taka da ƙafarsa zuwa shagon kayan gyara ya sayo sabo, ya jefa a aljihu. Yana dawowa ya tarar da Aƙilu da abokansa sun cika rumfa, suna kallon fuskokinsu a waya, ana ihu ana tafawa. Wannan ya ce a ɗaga kyamarar gaba, wancan ya ce a karkata ta ƙasa. Ana haka aka kira la'asar. Mannir ya manta da sabon fis ɗin, ya rufe murfin gurbin, ya naɗe da salatif tsaf, ya tafi alwala. Kafin ya fito masallaci an ɗora mota a bayan babbar mota an wuce Ƙarfi.

Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida yana shan koko, matarsa Rabi'atu tana zazzage aljihun wandon aikinsa za ta wanke.

"Baban Najiba, wannan ɗan jan abin na yarwa ne ko na ajiyewa?"

Ya ɗago, ya ga sabon fis ɗin a tafin hannunta. Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya? Me ya faru?"

"Rabi'atu, na kashe ɗan mutane."

Ya ga abin ƙarara kamar yana gabansa. Mota tana tsalle a gonar da aka baje, jar waya tana gugar bakin walda, roba tana cinyewa. Da zarar tagulla ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai yanke wutar, ko an kashe mota, domin shi da hannunsa ya ɗauko ta daga batir. Waya za ta yi ja a jikin tankin fetur. Aƙilu kuwa yana ɗaure da bel mai igiya biyar, da hular kwano a kai, a cikin keji.

Ya kira wayar Aƙilu, tana ta ringi ba a ɗauka. Ya sake, ya sake. Ya kira mahaifinsa, a kashe. Ya karɓe fis ɗin, ya fito da babur, Rabi'atu ta biyo shi har ƙofa. Ta ce, "Ka bi a hankali, don Allah." Rabon da wani ya gaya wa Mannir haka, ai tun da aka haife shi ba a taɓa ba.

Bai bi a hankali ba. Mutumin da mai keke ke wucewa, ranar nan shi ke wuce motocin haya a hanyar Malumfashi. Iska na yanka masa ido, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa, hularsa ta tashi tun kafin Bakori bai waiwaya ba. Wata tirela ta taso a gabansa a kan kwana, ya sauka gefen titi babur na rawa, ya tabbata ya mutu, sai ya ga bai mutu ba. Tsoro biyu ke cinsa, na titi da na gaba, kuma na gaban ya fi. Duk hayaƙin da ya hango daga nesa sai ya ɗauka motar ce, ko da na masu ƙona shara a gona ne.

A hanyar ne kuma wata zuciyar ta fara yi masa raɗa. Wa ya sani? Ba kowa. In ya isa sai ya ce ya zo duba kyamara ne, ya buɗe but, ya zare tagullar, ya sa fis, minti ɗaya an gama. Aƙilu ya tsira, suna ya tsira. Ya ji daɗin wannan shawara ƙwarai, har ya riƙa maimaita kalmomin da zai faɗa.

Tun daga bakin Ƙarfi yake jin kukan injina. Fili ya cika maƙil: mutanen ƙauye a kan bishiyoyi, masu rake da masu ruwan sanyi, ga kuma direbobin Funtuwa da dama, mutanen da shi ke yi musu aiki, sun zo kallo. Ya jefar da babur bai ko kafa shi ba. Motar Aƙilu ta riga ta yi zagayen gwaji, yanzu tana kan layi da wasu biyu, inji na ruri, wani mutum riƙe da tuta yana shirin saukewa.

Mannir ya tsallake tayoyi ya faɗa cikin fili. Aka yi ca a kansa. Ya isa tagar motar yana haki.

"Alhaji Aƙilu! Dakata, zan duba kyamara!"

Aƙilu ya ɗaga gilashin hular kwano, ya ɗaga masa babban yatsa. "Tana yi, Baba! Lafiya lau take!"

"Minti ɗaya kawai!"

"Bayan zagaye biyar! Matsa, za a taka ka!"

Ya taka totur, motar ta yi gurnani. Mai tuta ya daka wa Mannir tsawa. Wasu samari biyu suka nufo shi za su janye shi, wani direban Funtuwa yana dariya yana cewa ku bar shi, tsoro ne ya kawo shi. A nan ne Mannir ya shaƙi warin. Ɗan kaɗan ne, a ƙarƙashin warin fetur da na taya, amma hancin da ya yi shekara talatin da biyar a wannan aiki ba ya ɓata shi. Roba ce take ƙonewa.

Ƙaryar ba za ta tsayar da motar nan ba, ya gane. Ya zagaya ya tsaya a gabanta, ya dafa bonet da hannu biyu. Dole kuma ya ɗaga murya sama da injina uku, yadda duk filin zai ji.

"Ban sa fis ba! Tagulla na cusa! Ni na yi, na manta! Motar nan za ta kama da wuta, fito!"

Dariya ta ɗauke. Aƙilu ya kashe mota. Sauran biyun ma suka kashe.

Mannir ya ruga baya ya ɗaga but. Farin hayaƙi ya bugi fuskarsa. Jar wayar ta narke a inda ta gogi walda, robar na ɗiga a jikin tankin, tsakiyarta ta fara yin ja. Ya lalubi aljihu, babu filaya, babu sifana, fis ɗin kaɗai ya ɗauko daga gida. Mutane suka watse da gudu suna salati. Daga gaba yana jin Aƙilu yana kokawa da bel, yana ihu, "Ya ƙi! Ya ƙi buɗewa!"

Sai ya kama wayar da hannu. Ya naɗe ta a yatsunsa, ya taka bayan motar da ƙafa, ya fizga da iya ƙarfinsa. Bai ji zafi ba a lokacin, ƙarar cuwi kawai ya ji, kamar an jefa nama a kasko. A fizga ta biyu ta tsinke daga gindin batir. Ya faɗi zaune a ƙasa.

Da ya iya tashi ya zagayo, har yanzu Aƙilu yana ɗaure. Yana ta jan igiya maimakon ya murɗa maɓallin da ke kan cibiyarsa. Mannir ya zura hannun hagu ya murɗa masa, igiyoyin biyar suka zube. Aƙilu ya fito da rarrafe ta tsakanin ƙarafa, ya cire hula, ya je ya leƙa but, ya daɗe yana kallo. Bai yi zagi ba, bai yi godiya ba. Ya koma gefe ya durƙusa ya yi ta amai.

A asibitin Malumfashi aka ɗaure hannun. Yatsu uku na dama, waɗanda yake murɗa waya da su, likita ya ce za su warke amma ba za su ƙara lanƙwasa kamar da ba. Kafin ya iso Funtuwa maganar ta riga shi, domin kyamarar gaba ta ɗauke shi tsaye yana faɗa da bakinsa, kuma hoton ya shiga wayoyi. Yana kwance a bayan motar da ta kawo shi yana jin direban na amsa waya, yana cewa, "E, shi dai, Mannir ɗin. Tagulla ya sa." Ya sani sarai cewa ranar Litinin rabin motocin da ke layi a rumfarsa ba za su kwana a can ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da hannun, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar aka sauke shi a ƙofar gida. Rabi'atu tana tsaye a zaure da mayafi, tun safe ba ta koma ciki ba. Ta dubi hannun da aka naɗe, ta dubi fuskarsa, ba ta tambayi ko ɗaya ba, ɗan mutane ta tambaya.

"Ya fito?"

"Ya fito."

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa, Rabi'atu."

A nan Mannir ya jingina da bango. Ya zame ya zauna a dakalin zaure, ya ɗora hannun a kan gwiwa, ya fashe da kuka a gaban maƙwabta.