Gwaggo Mai Gaida Jaka

Kafin jirgin farko ya tashi, Gwaggo ta gama share zauren jira. Kujeru ɗari da ashirin, sai ta bi ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya tana zaro abin da matafiya suka bari: murfin gora, cingam, takalmin jariri ƙafa ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Jibi za ta ajiye aiki, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba.

Filin jirgi yana tona halin mutum. Kowa sauri yake, kowa gabansa yake kallo. Sai ka ga mutum ɗaya ya cinye kujera uku, shi da jakunkunansa, tsoho na tsaye a kansa. Dokar aiki ta hana mai shara tsawata wa fasinja. Sai Gwaggo ta samo tata hanyar: ba ta tanka wa mai jaka, jakar take gaidawa.

Mai shayin zauren ya ba da labarin abin da ya gani makon jiya. Jirgi ya yi latti, wuri ya cika maƙil. Wata mai tsohon ciki ta jingina da bango, ƙafafu a kumbure. Kusa da ita wani babban mutum, waya a kunne, jakar fata ta hakimce a kujerar gefensa. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Gwaggo ta jingine tsintsiya, ta rusuna gaban jakar.

"Ranki ya daɗe, ya gajiyar hanya? Ga 'yata nan, nata kayan ba ya saukuwa. Ko za ki ɗan muskuta mata?"

Mutumin ya kashe waya, ya ce an wulaƙanta shi, a kira masa shugabanta. Ƙorafi ɗaya a rubuce ya isa a kori mai shara, ga shi saura kwana tara ta fita da takardar sallama ba tabo.

Shugaban ya zo da fom da biro. "Yallaɓai, me ta ce maka?"

"Ba ni ta yi wa magana ba."

"To wa?"

Mutumin ya nuna kujerar gefensa. "Jakata."

Shugaban ya duba fom sama da ƙasa. "Ai sai dai ita jakar ta sa hannu, yallaɓai."

Mutumin ya ciji leɓe, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ya ɗauke jakar ya ɗora a cinya. "Zauna, ƙanwata," ya ce da mai cikin. Ya juya ga Gwaggo. "Mama, kin gama da ni."

"Ni shara nake, ɗana," ta ce, ta ɗauki tsintsiyarta.

Gwaggo, ke ce mai gyara mutum ba tare da kin tsinka shi a bainar jama'a ba. Kin san mai jakar ma ɗan wani ne, kunyarsa abar rufewa ce. Ruwa mai kashe wuta ba hayaƙi. Na duba masu kaki da masu kwat a zauren nan, ban ga wanda ya iya wannan ba. Mun gode. Allah ya hutar da gajiya, ya ba gwiwoyinki lafiya.

Mu da muka rage, daga jibi ba mai rufa mana asiri. In ka samu kujera, ɗaga kai daga wayarka, ka duba waye a tsaye.