Ranar da Kailu Ya Faɗi Gaban Tuta

Mahaifina Kailu ya yi shekara ashirin yana kai takardu a wani ofishin gwamnati a Filinge. Ni kuwa da na yi boko aka ba ni tebur a ofishin, kaina ya kumbura.

Lokacin mulkin soja ne ciwon zuciya ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, barci sai a zaune, in ya kwanta numfashi ya tsaya. A Yamai likitoci suka sa shi cikin masu gwajin wani sabon magani mai buɗe hanyoyin jini don zuciya ta huta. Wata guda ya dawo yana barci a kwance, har da minshari. Sai dai in ya miƙe da sauri, jiri ya ɗebe shi.

A lokacin, da an busa ƙahon ɗaga tuta kowa sai ya miƙe. Wata safiya aka busa, Baba ya zabura daga benci, ya zube gaban kwamandan sojojin garin. Wani soja ya ce tsohon ya sha giya. Aka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ban san shi ba.

Da rana na same shi a gida, na ce, "Baba, maganin ga shina kunyata mu. Ba ni shi."

Ya miƙo mini kwalbar maganin. "In kunya nika ba ka, Lawali, amshi."

Daga ranar bai sake faɗuwa ba. Kullum yana tsaye ƙyam gaban tuta, har takalmi ya daina shiga ƙafarsa. Ya koma barci a zaune. Bai kai ga girbin gero ba.

Bayan sojoji sun sauka na haɗu da Haske, ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi a Yamai. Na kawo mata zancen jiri, ina neman ta wanke ni.

Ta ce, "Ko maganin zai riƙe shi, Allah kaɗai ya sani. Amma jirin ba komi ba ne. Na hwaɗa mishi ya riƙa tashi sannu, ya ce ya ji, sai dai ƙaho ba ya jira. Mi ya sa ya bar sha?"

Na ce ban sani ba. Kwalbar tana cikin akwatina har yau, saura ƙwaya goma sha ɗaya.