Gwaggo Falmata da Wasiƙar da Ta Hana Ni Aikawa

Ina bakin wata rijiya a ƙasar Alakoss muna yi wa shanu allura, sai wani mai raƙumi da ya taso daga Gure ya yi sallama, ya tambayi wane ne Abba malamin dabbobi. Na ce ni ne. Ya jira na wanke hannu, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya yi wa gwaggonka Falmata rasuwa shekaranjiya da la'asar, an kai ta kafin magariba." Na yi salati, na nemi wuri na zauna. Abokan aikina suka ɗaura mini sirdi, na kama hanyar gida.

Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye ba. Amma sau da yawa sai in ji ina dariya ni kaɗai a kan doki, domin da wuya mutum ya tuna da Gwaggo bai tuna da wani abin dariya ba.

Yayar mahaifina ce. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki. Tana ƙarama ta yi kiwo wajen dangin mahaifiyarta a Gamu. Da mijinta ya rasu sai ta riƙe lambunsa a cikin kwari, can ƙarƙashin dabinai inda ruwa yake kusa, tana noma albasa da alkama da rogo. Wanda duk ya ratsa ta lambun sai ya fita da wani abu a hannu, ko da ganyen albasa ne. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, sai Abba. In za ta yi mini faɗa sai ta fara da neman gafara. Takan ce, "Abba, ka yafe mini, amma yau kai sakarai ne."

A shekarata ta ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko ta Gure, ana cikin bazara, malaminmu, wani mutumin Dahome, ya karanta mana wata takarda da ta zo daga Damagaram. Wani Nasara likitan dabbobi yana neman manyan ƴan lakwal biyu da za su bi shi cikin hutun damina, su zaga makiyaya tare, su tara ciyawa da ganyaye, a gano wadda ke gina dabba da wadda ke kashe ta. Mai so sai ya rubuta wasiƙa da Faransanci da hannunsa, ya faɗi dalilinsa, mahaifinsa kuma ya dangwala yatsa a ƙasan wasiƙar. Raƙumin da ke ɗaukar wasiƙu zai tashi Juma'a ta sama.

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan tafiya ba. Na ari littafin malam mai koyar da rubuta wasiƙa, na kwana biyu ina kwafe kalmomi mafiya nauyi da na samu. Da na gama sai na ruga kwari in nuna wa Gwaggo. Na tarar da ita tana wanke albasa. Ta ce ba ta jin Faransanci, in juya mata da Hausa. Na gyara murya na fara: ina da babbar daraja in durƙusa gaban alherinka mai girma, ni ƙasƙantaccen bawanka mai biyayya. Ban kai tsakiya ba ta kama dariya har ƙwaryar ta kuɓuce mata.

Da ta share hawaye sai ta ce, "Abba, wannan mutumin da ke cikin takarda ɗan gidan wa ne? Ban san shi ba."

Na ce, "Haka ake rubuta wa manya, Gwaggo."

Ta ce, "To, shi Nasaran nan maroƙi yake nema ko wanda ya san ciyawa? Tun ɗazu ina saurare, ban ji sunan ciyawa ko ɗaya ba. Wannan ba za ka aika ba."

Na yi fushi ƙwarai, na ce ai ita ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ba ta ji haushi ba. Ta ce gaskiya ne, amma gobe in an tashe mu in same ta a bakin kwari da abin rubutuna.

Kwana biyar muka yi muna hawa tuddan rairayi da yamma. Ruwa bai sauka ba tukuna, ni ban ga komai ba sai busassun karare. Ita kuwa sai ta tsaya ta ce, "Tsuguna ka duba." In na tsuguna sai ta ɗebi rairayi ta hure shi a tafin hannu, ƙwayoyi su bayyana. Wannan karangiya ce, wannan gadagi, wannan tsaidau. Ta faɗi sunan kowace da Hausa da Barbarci, wasu har da Fulatanci. Ta nuna mini ƙwayar marak, ta ce ita ce ke fara tsirowa bayan ruwan farko, saniyar da ta fito daga yunwar rani in ta cika ciki da ita ɗanya sai cikin ya kumbura, wani lokaci kafin makiyayi ya ankara ta faɗi. In na yi saurin cewa na gane sai ta ce, "Bakinka ne ya gane, hannunka bai gane ba. Sake tsinto mini ita da kanka."

Na rubuta sabuwar wasiƙa, gajeruwa, ba ado. Na faɗi abin da na gani da abin da nake so in sani. Na liƙa ƙwayoyin da ƙaro a kan takarda, kowace da sunayenta. Malaminmu ya daɗe yana jujjuya ta. Ya ce bai taɓa ganin an nemi wuri da ciyawa a cikin ambulan ba, amma ya gyara mini kurakurai uku ya miƙo mini.

Saura yatsan mahaifina, kuma shi ya ƙi. Dama ba da son ransa aka sa ni lakwal ba, umarni ne ya zo daga bariki. Ni ne babban ɗansa namiji, damina ce kaɗai yake samuna a gona. Ya ce sun ɗauke ni rani, yanzu kuma suna son damina, daga nan sai su ɗauke ni baki ɗaya. Ranar Alhamis na je kwari na ce wa Gwaggo magana ta mutu. Ta ajiye guga, ta yafa zane, ta wuce gaba ina bin ta.

Ta tarar da shi a zaure bayan la'asar. Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ta zauna, suka gaisa sosai, ta tambayi kowa na gida, sannan ta ce, "Kyari, shanunka biyu da suka mutu bara, me ya kashe su?"

Ya ce, "Kwanansu ne ya ƙare."

Ta ce, "Haka ne. Na makwabcinka kuma kwanansu bai ƙare ba, domin ya tsare su daga fadamar nan har ciyawa ta yi ƙwari. Ni na san wannan, amma ni tsohuwa ce, kuma abin da na sani a Gure ya tsaya. Bar yaron nan ya je ya ƙaro."

Ya ce, "Noman fa, Yaya? Wa zai riƙe mini haiwa?"

Ta ce, "Ni. Da ni da ƴata Zara da mijinta. Na yi noma kana goye a bayana, ban manta ba."

Mahaifina ya ce tsoronsa kada in tafi in ƙi dawowa. A nan ne na ji Gwaggo ta sassauta murya, abin da ban taɓa ji ba. Ta ce, "Sunan babanmu gare shi. Zai dawo." Sai ya miƙo hannu, na shafa masa tawada a babban yatsa.

Amsa ta zo bayan ruwa na biyu. Wani gardi, ɗan sandan bariki, ne ya kawo ta a kan doki, kuma a lokacin in gardi ya tsaya a ƙofar gida ba a tsammanin alheri. Mahaifiyata har ta fara salati. Da na karanta na ce an ɗauke ni, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, mata suka firfito daga gidaje suna tambayar wa aka haifa. Ta dafa alkama da man shanu ta raba wa unguwa, ta cika wa gardin ma akushi. Kowa ya zo sai ta sa in sake karanta takardar da Faransanci, tana gyaɗa kai kamar tana ji.

Da damina ta yi tsakiya yawonmu ya biyo da mu ta Gure, likitan ya ce sai ya ga wanda ya koya mini ƙwayoyin nan. Muka same ta a gonar mahaifina da haiwa a hannu. Ya buɗe babban littafinsa mai zane ya nuna mata wata ciyawa. Ta duba ta ce biyu ne ya haɗa wuri ɗaya, ɗaya ta tudu ɗaya ta kwari. Ya ce a littafi ɗaya ce. Ta ce mini, "Gaya masa ya tsuguna ya duba." Na ji tsoron fassarawa. Sai ta kama bakin rigarsa, ta nuna masa ƙasa. Mutumin nan ya cire hularsa ya tsuguna a cikin gero, suka daɗe suna tonon saiwa, ni ina tsaye ina fassara. Da ya miƙe sai ya ɗauki alƙalami ya yi gyara a littafinsa. Ta shekara tana ba da labarin nan, kullum Nasaran yana ƙara tsawo, tsugunon kuma yana ƙara daɗewa.

Abin da ba ta taɓa ba da labarinsa ba shi ne hannunta. Ƴarta Zara ce ta gaya mini daga baya cewa tafukanta sun fashe a daminar nan, tana ɗaure su da tsumma tana noma, kuma ta hana a gaya mini. Daga wannan tafiya aka tura ni koyon aikin dabbobi, aikin da nake ci da shi yau.

Da na iso gida na yi wa mahaifina ta'aziyya, na je kabarinta, sai Zara ta kira ni ta miƙo mini wani ƙullin tsumma. A ciki akwai wani busasshen tsiro mai ƙananan furanni. Ta ce, "Inna ta tsinto shi a gefen lambu kafin ta kwanta. Ta ce in Abba ya zo a ba shi, wannan ita ma ba ta san shi ba, ya bincika mata." Na duba shi da kyau. Ni ma ban san shi ba, amma zan bincika.

Allah ya jiƙan Gwaggo Falmata, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi. Duk wanda ya ci daga lambunta, da duk dabbar da ta rayu saboda abin da ta koyar, Allah ya sa a mizaninta. Allah ya ba Zara da ƴaƴanta haƙuri, ya albarkaci kwarin da ta bar musu. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifina, wanda ya tsufa yana da mai yi masa faɗa, yau kuma ya wayi gari shi ne babba. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.