Muryar Inna a Cikin Ƙarar Inji

Duk abin da suka taɓa fitarwa ina da shi. Faifai uku na ƙungiyar, biyu na mawaƙinsu shi kaɗai, sai ƙananan kaset-kaset da mai haɗa musu sauti yake yi a gefe idan abin nasa ya motsa. Suna cikin kwalin takalmi a gidana na Laurel da ke Amurka, a jere yadda suka fito. Yanzu guda ɗaya kawai nake cirowa, kuma ba don ina son sa ba.

Su uku ne. Biyu baƙaƙen Amurka ne daga Baltimore. Na ukun, mai haɗa sautin, Bahaushe ne ɗan Damagaram, abokina tun muna ɗalibai a College Park, ɗaki ɗaya tukunya ɗaya. Abin da suke yi wai gambarar zamani ce, amma ba irin wadda ake rawa da ita ba. Ƙarar ƙarfe ce da kukan inji, mutum ɗaya a kai yana zuba magana kamar an biyo shi da gudu. Ranar da na fara ji, na tambayi abokin nawa ko lasifikar ce ta lalace. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon, mutumina, kunnenka ne bai waye ba.”

Kunnen kuwa ya waye, har ya wuce gona da iri. A lokacin ina gadi a wani katafaren sito. Na roƙi mai kula da wurin ya bar shi ya shigo da rakodarsa ranar wata Lahadi, ya ɗauki ƙarar injin ɗaga kaya da ta ƙofar ƙarfen da ake ja sama. Ƙofar nan ita ce ta buɗe faifansu na farko. Duk wanda ya shiga motata sai ya ji ta, ko yana so ko ba ya so, ina cewa, “Ƙofata ce wannan fa.” Matata ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ke alfahari da ƙofa ba sai ni.

Kaset-kaset ɗin da yake yi shi kaɗai suna da doka. Yakan samo tsohon kaset, ya buɗe shi, ya zaro zaren, ya yanka shi gunduwa-gunduwa da reza, ya liƙa yadda ya ga dama, ya ɗora ƙara a kai. Ba ya kwafa kafin ya yanka. Ya ce idan mutum ya san yana da wani a ajiye, hannunsa ba ya faɗin gaskiya. Ni da bakina na sha yi wa mutane bayanin wannan doka ina kaɗa kai, kamar wani malami.

To, ni ma ina da tsohon kaset. Innata ba ta yi boko ba, kuma lokacin da na zo ƙasar nan kiran waya sai mai hali. Don haka ta yi yadda ake yi: ta zauna gaban rediyo mai ɗaukar murya ta yi mini magana, aka ba wani matafiyi ya kawo. Minti arba'in da wani abu. Ta gaishe ni, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta yi mini faɗa kan salla da kan cin abinci a tsaye, akuya tana kuka a bayanta. Ta bi mutanen da na taɓa ambata mata ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, don a wurinta saƙo bai cika ba idan an tsallake wani. Wannan ɗaya ta taɓa yi. Bayan ta rasu muka bincika kaf, babu wanda ke da muryarta a ko'ina sai ni.

Yayata, wadda take Kano, ita ta matsa mini. “Auta, ka sa a mayar mana da shi cikin waya mana. Yara ba su san muryar kakarsu ba.”

Wa zan kai wa in ba shi ba? Mutumin da sana'arsa ke nan, wanda ya zo ya zauna da ni kwana uku ana karɓar gaisuwar rasuwar Inna. Na miƙa masa a hannu, na ce, “Ka kwafa mini a kwamfuta kawai. Shi kaɗai ne.” Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Haba, ai Innarmu ce.”

Wata ya wuce, ya ce injin kwafar ya samu matsala. Wata uku, ya ce suna kan faifai na uku, in ba shi lokaci. Ban damu ba, don a raina kaset ɗin yana wurin da ya fi gidana tsaro.

Sai ya fitar da sabon nasa na gefe. Na saya a intanet kamar kullum, don ba na jiran kyauta, aka aiko mini da kaset, sautin kuma ya sauka a wayata. Ranar Asabar da hantsi ina tuƙi zuwa Upper Marlboro wurin wani suna, na kunna. Ƙara ta fara, irin ta ƙarfe yana gogar ƙarfe. Can ƙasa sai na ji akuya. Na yi murmushi ma, na ce mutumin nan ya tuna gida. Daga nan wata murya ta ce “Au, au, au, au,” tana maimaitawa kamar mai shaƙuwa. Kafin ta ƙarasa “ta” ɗin na riga na gane. Ban san yadda na ajiye motar a gefen titi ba. Na zauna, Inna tana kiran rabin sunana, inji yana taka ta.

Ban je sunan ba. Gidansa na wuce, na sauka ɗakin ƙasa inda yake aiki. Ga zare nan baƙi-baƙi a rataye jikin bango, wasu tsawon hannu, wasu ba su kai ɗan yatsa ba, wasu a kwandon shara. Fankon kaset ɗin yana kan tebur, da rubutun ƙanen Inna a jikinsa.

Tambaya ɗaya na yi masa. “Ka kwafa kafin ka yanka?”

Ya sunkuyar da kai. “Ka san yadda nake aiki.”

“Na ce ka kwafa?”

“Wallahi na sa ne don in kwafa. Da na ji muryar sai na kasa. Mutumina, ka saurara da kyau, ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba. Yanzu har a Turai ana jin ta. A durowarka wa yake jin ta?”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa gani yake ya yi mini alheri. Na so in mare shi. Na tsaya ina kallon mutumin da na ci abinci kwano ɗaya da shi shekara da shekaru, na ga ashe duk tsawon zaman nan kunne kawai yake da shi. Na durƙusa na fara tsince zaren daga kwandon shara, sai na ga ban san wanne ne farko ba, wanne ne ƙarshe. Na zubar na fita. Tun ranar ban ƙara yi masa magana ba, ko a masallacin Juma'a muka haɗu sai in canza sahu.

Na saurari sabon kaset ɗin nasa daga farko har ƙarshe, sau ba adadi, ina neman inda ya bar ta ta yi magana. Wuri ɗaya ne tak. Dab da ƙarshe ƙarar takan ɗauke gaba ɗaya, sai muryarta fes, kamar tana zaune a gabana: “Abokin nan naka na Damagaram da ka ce yana kula da kai, ka gaishe shi. Allah ya yi masa albarka, ya sa ya gama da duniya lafiya.”

Daga minti arba'in, abin da ya rage ke nan.

Yaya ta ci gaba da tambaya har kunya ta ishe ni. Na yanko wannan ɗan wurin na tura mata, na ce sauran ya lalace. Ban iya gaya mata yadda ya lalace ba. Ta maido da saƙon murya tana kuka. “Allah sarki Inna! Auta, wane bawan Allah ne wannan? Don Allah ka nemo shi ka ce mun gode.”

Ban isar da saƙon ba. Amma idan kewarta ta taso mini, nakan ciro kaset ɗin daga kwali, in wuce da ƙarar har zuwa wurin. Inna ta sa masa albarka, ni kuma ban taɓa jin addu'arta na yi shiru ba, sai in ce amin.