Sa hannun da ya hana abokina Sallah a Kano

Shekarun baya, lokacin da mutanenmu suka gama komowa Fatakwal bayan yaƙin basasa, harkar mai ta buɗe, ni ina gyaran babur a unguwar Mile One amma hankalina yana sama. Ko helikwafta ce ta wuce sai na saki sifana na ɗaga kai. Tsofaffin littattafan inji nake saye a bakin kasuwa ina haɗa baƙi da ƙamus, har mahaifiyata tana cewa aljanin jirgi ne ya shafe ni.

Abokina ne ya shigar da ni wani kamfani mai kai ma'aikata rijiyoyin mai da helikwafta. Shi ya tsaya min, shi ya koya min aiki har na ci jarrabawa. A can akwai doka: duk wanda ya taɓa abin da ke juya jirgi, sai ya rubuta a katin aiki, sannan mutum na biyu ya duba da idonsa ya sa hannu. Ni aka ba wannan matsayin, kaina kuwa ya kumbura, biro biyu nake maƙalawa a aljihu.

Ana jajibirin Babbar Sallah abokina ya canza wata sanda a farfelar wutsiyar wata helikwafta. Ya rufe murfi, ya wanke hannu, jakarsa a kafaɗa. Jirgin ƙasa zai bi zuwa Kano, rabonsa da Sallah a gida tun kafin yaƙi. Ya miƙo min kati.

"Malam mai biro, ɗan zana min nan in wuce."

Na ce, "Bari mu buɗe in gani."

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya tsaya. "Wallahi na ɗaure. Na sa wayar kulle. Ni ne fa."

Kun san mu. In mutum ya ce wallahi, magana ta ƙare. A garejinmu na Mile One ba a taɓa rubuta komai ba, baki ya wadatar. Kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma layin da zan sa hannu cewa ya yi na gani, ni kuwa ban gani ba. Na ɗauko tsani.

Muka kwance murfin, abokina yana huci. Na haska, na taɓa noti, na gwada ƙarfin ɗaurin, na karanta lambar sandar na rubuta. Aiki tsaf, babu abin gyara ko ɗaya. Wallahi sai da na so in sami ɗan kuskure don in fita kunya. Kafin mu mayar da komai ya isa tasha, jirgin ƙasa ya tafi.

A Mile One ya yi Sallah, bai kula ni ba. A masallaci in na tsaya dama sai ya koma hagu. Mahaifiyata ta zaunar da ni. "Wanda ya kai ka aikin ka mayar maƙaryaci? Je ka ba shi haƙuri." Na ce, "Inna, zan ba shi haƙurin jirgin ƙasa, amma na tsani ba zan bayar ba." Ta ce wannan taurin kan ba daga wajenta na ɗauko ba.

Da damina ta yi nisa, wannan helikwaftar wutsiyarta ta kama rawa a sama, matuƙin ya sauke ta cikin fadama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasu. Masu bincike suka zo, tambayarsu ta farko wa ya taɓa wutsiyar a ƙarshe. Aka dakatar da abokina. Aka kira ni, wani dattijo ya tura min katin gabana.

"Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?"

Na ce na gani. Na faɗi lambar, na faɗi yadda wayar ta zagaya. Da suka buɗe, haka suka tarar. Matsalar tana wani ƙarfe can ciki da hannunsa bai je ba. Aka mayar da shi aiki.

Da yamma ya zo gidanmu da tsire a takarda, ya gaida mahaifiyata, ya ajiye a gabana. Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Cewa ya yi, "Ci, mai taurin kai. Amma Sallata tana wuyanka."

Ban ga laifin wallahin da ya yi min ba, gaskiya ya faɗa. Amma ranar da masu bincike suka zaunar da ni, ba a tambaye ni ko na yarda da shi ba, abin da na gani aka tambaya. Har yau duk wanda ya miƙo min kati, tsani nake fara ɗaukowa. Shi kuma abokina, ranar jajibiri tun da safe yake kirana in duba aikinsa.