Wayar Maigidana Bajamushe

Shekarun baya, farkon zuwana Dubai, na yi aiki a wani shago a Al Quoz inda muke ƙera ƙananan samfurin gine-gine. Maigidana dattijo ne Bajamushe, ba ya son yawan magana. A lungun shagon yana da wani tebur, ya ƙera tudu da bishiyoyi a kai, da mutum-mutumi kamar tsawon yatsa.

Lokacin ana zanga-zanga a gida, yayana kuma soja ne, an fito da su titi. Na rubuta goyon bayan masu zanga-zangar a shafina, ya gani, ya toshe lambata. Watanni ba ma magana. Mahaifiyata in ta kira sai kuka.

Wata rana dattijon ya miƙo mini burushi, ya nuna mutum-mutumin sojoji da manoma da ke kan teburin ya ce, "Yalla, maza yi musu fenti." Ni da nake jin kaina gwani, hannun farko na ɗiga wa wani soja ja a hanci. Ya yi dariya, sannan ya ce wannan wani ɗan ƙaramin faɗa ne da aka yi a yankinsu tun zamanin juyin juya hali. Manoma da ɗalibai, da lauje da bindigar farauta, suka tari sojojin gwamnati.

"Mai laujen nan kakan kakana ne. Sojan da ka ɓata wa hanci kuma ƙaninsa."

Na ce, "Wa ya ci?"

"Sojoji, nan da nan ma. Amma ƙanin ya tsinci wansa cikin kwari da harbi a cinya. Ya lulluɓa masa rigar soja, ya goya shi har ɗakin uwarsu. Da ya wuce shi, da ba a haife ni ba."

Ban san sanda na fara ba shi labarina ba. Bai yi mini wa'azi ba, wayarsa kawai ya turo mini. "Tawa ba a toshe ba. Khalas, shi ke nan, kira shi."

Na danna lambar yayana. Aka ɗauka.

"Yaya, ni ne."

Ya ce, "Kai, sai yanzu? Kullum sai na tambayi Inna lafiyarka."

Dattijon ya koma ƙasarsu tuntuni, ban ma san ko yana raye ba. Ni da yayana har yau ba mu daidaita a siyasa ba. Amma duk Juma'a sai ya kira mu yi musu, ni kuwa in na ajiye waya sai na gode wa Allah, na gode wa wannan tsoho.