Takardun naɗe kofuna a Panyu

Tun ina yaro ba na tsallake takarda mai rubutu a ƙasa. Sai na ɗaga na duba, kada a ce sunan Allah ne ake takawa. Wannan hali ne ya raba ni da aikin Guangzhou, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in kawuna, wanda ke saro kayan fashi, wato na tangaran, yana kaiwa Kano, ya tafi da ni in riƙa kula masa da ɗaurin kaya. Wata Alhamis muna sito a Panyu, wata unguwa ta Guangzhou, mai siton ya kawo buhunan takardu na naɗe kofunan shayi. Littattafai ne da wata maɗaba'a ta ɓata wajen bugawa ta zubar. A wani shafi na ga layuka da ba boko ba, ba kuma rubutun ƙasar ba. Na ji tsoron kada a ce da sunan Allah a ciki. Na tambayi mai siton ko akwai wata takarda, ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Haka aka naɗe kofunan da su aka zuba a kwalaye.

Washegari bayan Juma'a na nuna wa wani ɗalibi ɗan Nijar mai jin Faransanci littafi guda ɗaya, don da Faransanci aka buga shi. Ya duba bangon littafin, inda hoton wata tsohuwa yake, ya ce Bayahudiya ce. Lokacin yaƙin duniya na biyu ana farautar danginta, wani manomi ya ɓoye ta a ramin ajiye dankali. Ta fito ba uwa ba uba. Ta yi shekaru tana ɗinki kafin ta rubuta labarin ramin, daga baya ta yi littafi kan mahaifiyarta, ta yi wani kan manomin. Wannan littafin na tsufanta ne. Layukan nan kuwa addu'a ce da uwarta ta koya mata, fassararta na ƙasa, da sunan Ubangiji a ciki.

Na faɗa wa kawu. Ya yi dariya ya ce jirgin ruwa ba ya jiran waswasina.

"Kai ɗan nan, littafin Yahudawa ne fa."

"Kawu, Ubangijin guda nawa ne?"

Ya ce in na taɓa masa kwali ɗaya, na gama zuwa Guangzhou. Da safe na riga shi zuwa siton, na yi ta farke kwalaye ina warware kofuna ina neman shafin, don kowane littafi yana da guda. Kofuna sun fashe a hannuna, motar ɗaukar kaya ta zo ta koma wofi, kayan suka rasa jirgin makon. Kawu ya zage ni a gaban leburori, kuma ya cika alkawarinsa.

Shafukan na ɗauko su cikin jaka zuwa Kano na binne, don a can ko'ina siminti ne. Ban tabbata na tsince su duka ba, abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Bayan wasu watanni na ga sauran littafin, wanda ya biyo kofunan zuwa Kano, a Sabon Gari wajen mai tsire, fuskar tsohuwar ta jiƙe da mai da yaji. Matar da ta tsira daga rami ta ƙarar da rayuwarta tana ba da labari, mu kuma muka naɗe nama da shi. Kawu ya rasu ban je na ba shi haƙuri ba, kuma ban ga laifin da na yi ba.